Wanda Ya Sa wa Tulu Haƙori

Ranar Lahadi da la'asar sakaliya, a gangaren da ya sauko daga dutsen Kloto zuwa cikin Kpalime, Agbeko ɗan acaɓa ya saki titi ya afka rumfar Mama Abla mai ayaba. Ƙafar tsohuwar ta karye wuri biyu. Waɗanda suka ɗago shi daga cikin kwata sun ce ba sai likita ya auna ba, bakinsa warin sodabi, barasar bammi, yake kamar an buɗe jarka. Kafin rana ta faɗi yana hannun jandarma.

Abin da ya ɗaure wa unguwa kai shi ne, shekara shida ke nan rabon Agbeko da barasa. Ya ajiye ta ne tun ranar da matarsa Yayra ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, kuma sai da ya shekara cur bakinsa a bushe kafin ta yarda ta dawo. Kowa ya san inda ya fito ranar da abin ya faru: gidan Da Enyonam.

Da Enyonam, wato Yaya Enyonam a yaren garin, ungozoma ce da ta yi ritaya, rabin samarin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Tun da mijinta ya rasu gidan ya yi mata girma, sai ta shiga harhaɗa abin sha don ta rage tsawon yini. Wasa-wasa abin ya shiga jininta. Ta matse abarba, ta daka ɗanyar citta, ta jiƙa ɓawon lemo da kanumfari a kwalabe, ta gwada wannan a kan wancan. Duk Lahadi bayan an taso daga coci takan fito da tulun gilashi biyu ƙarƙashin mangwaro. Ja shi ake kira mai haƙori, don akwai sodabi a ciki. Rawaya kuwa marar haƙori, na waɗanda ba sa sha. Ba ta sayarwa. Ita dai ta ji motsin mutane a tsakar gidanta.

Litinin da safe unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce mai hali ba ya barin halinsa, Agbeko ne ya koma ruwa. Wasu suka ce tsohuwa ce ido ya gaza, ta juye giya inda bai kamata ba. A kasuwa, matan da ta karɓi haihuwarsu suka riƙa sunkuyar da kai suna gyara tumatir in ta doso.

*

Fo Gameli, wato Yaya Gameli, ya yi shekara talatin da ɗaya yana bin sawun ɓarayin namun daji a gandun arewa. Da ya dawo gida sai ya tarar garin ya saba da rashinsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa biyu suna Lome, sai waya ranar Kirsimeti. Gidansa ne na ƙarshe kafin gonakin koko, inda yakan yi kwana uku bai ji muryar mutum ba sai tasa in yana korar kaji.

Ranar Talata da hantsi ya ga Da Enyonam tana hawo tudun, tana haki.

"Fo, ba ni kujera kafin ka gaishe ni. Wannan tudun naka ba na masu gwiwa irin tawa ba ne."

Ya ba ta kujerar, shi ya kifa turmi ya zauna.

"An ce kana iya faɗin nauyin mutum daga sawunsa," in ji ta.

"An ce da yawa, Da. Ni dabba na sani, da masu kashe dabba."

"To ga wanda aka kashe da ransa, Agbeko. Yayra ta ɗaure kayanta, ta ce ranar Juma'a za ta tafi da yaran, wannan karon babu dawowa." Ta murza bakin zanenta. "Jiya na daka citta, na matse lemo, sai da na gama na tuna babu mai zuwa. So nake in san ko ni ce. In ni ce, ka faɗa mini a fuskata."

"Kin share tsakar gida?"

"Ko tsintsiya ban iya ɗauka ba tun Lahadi."

Gameli ya tuna an yi ruwa ranar Lahadi da safe, kuma daga nan ba a sake ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa da sandarsa.

*

A madafa kwalabe ne jere a kan katako, kowace da 'yar takarda manne a jikinta. Gameli ya ce ta nuna masa sodabinta. Ta sauko da kwalabe uku, duka ja wur kamar jini.

"Babu farar?"

"Fara ba ta kwana a gidan nan. Ranar da aka kawo, ranar nake zuba mata zoɓo da kanumfari, sai ta yi kwana arba'in kafin in taɓa. Ɗanyar sodabi ai ta masu gaggawa ce."

Ya sa ta zubo ragowar haɗin jiya a kofi, rawaya kamar ƙwaiduwa. Ya ɗebi cokali ɗaya daga jar kwalba ya ɗiga a ciki. Nan take launin ya juye ya koma ruwan ƙasa.

"Tulun Agbeko haka ya zama ranar Lahadi?"

"Da na gani. Ido ya gaza, amma bai mutu ba."

"To ba giyarki ba ce, Da. In an zuba, daga waje aka shigo da ita."

Ta dafa bango, ta ja numfashi mai tsawo. Ya tambaye ta su wa suka zo. Ta ƙirga da yatsu: Agbeko, Senyo yayan Yayra wanda shi ne shugaban mawaƙan coci, Besa kafinta, sai Fafali maƙwabciyarta mai tsohon ciki. Wa ya fito da tuluna daga madafa? Ta ce duk wanda ke kusa shi ke ɗauka, ba ta riƙe ba.

Daɓen madafa siminti ne, ba ya riƙe labari. Ƙarƙashin mangwaro kuwa ƙafafu sun tattake juna har ba a gane na wane. Amma a gefe ƙasa ta yi laushi ta bushe da abin da aka rubuta mata. Ya ga sawun takalmi sau ciki ya zagaya bayan madafa. Ya kuma ga wata kujera ita kaɗai can kusa da kwamin na'a-na'a, fasassun gilashi a gabanta. Nan ya fi daɗewa a tsugune, yana auna ƙasa da tsinke.

*

Jandarman da ke bakin ƙofa ya taɓa aiki a arewa, ya san Gameli, sai ya ba shi minti goma. Agbeko na zaune a ƙasa, gwiwar hannunsa naɗe da bandeji.

"Ka shiga gidan da kwalba a aljihu?"

"Ban shiga ba, Fo."

"Amma ka sha."

"Kofin farko ban gane ba. Da Enyonam tana cika citta da masoro, sai ka ji maƙogwaro na wuta. Na ce yau hannunta ya yi nauyi." Ya dubi bango. "Na biyu kuwa na gane. Ta sauka a ƙirjina kamar mutumin da ya dawo ɗakinsa. Na sani sarai, na kuma tsiyaya na uku. Wannan ba wanda ya yi mini, ni na yi."

"Me ya hana ka magana?"

"In ce me? In ce tsohuwar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana ta ba ni giya? Na yi zaton kuskurenta ne. Na ce in yi sauri in isa gida in kwanta kafin kowa ya lura." Ya share fuska da tafin hannu. "Yaya ƙafar Mama Abla?"

"An ɗora. Wa zai so ya ga ka faɗi?"

Agbeko ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Tambayi surukina. Shekara shida yana zuwa gidan Da Enyonam, ba don abin sha ba, don ya kasance a wurin ranar da zan zame."

*

Senyo yana jera littattafan waƙa a coci lokacin da Gameli ya same shi. Takalminsa sau ciki ne, an goge shi yana ƙyalli.

"Ban taɓa ɓoyewa ba," in ji shi. "Na gaya wa ƙanwata kare ba ya manta hanyar juji. Ga shi ta gani."

"Me ya kai ka bayan madafa ranar Lahadi?"

"Wa ya ce na je?"

"Dunduniyarka ta hagu. Ta fi ta dama cinyewa."

Senyo ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƙofa. "Iska na je sha."

Gameli ya zaro ƙulli daga aljihu ya kwance a kan benci. Guntayen taba ne guda huɗu. "A gindin gwaba na tsince su. Ka tsaya wuri ɗaya har ƙasa ta lotsa, ka juyo ta inda ka bi. Ba ka kusanci ƙofar madafa ba ko da taku biyar."

"To in ka san haka, me ya kawo ka?"

"In ji ko za ka yi mini ƙarya, ka kuwa yi. Amma ƙaramar ƙarya ce."

Senyo ya yi wuf ya rufe ƙullin da littafi. "Fo, don girman Allah kada fasto ya ji. Ni ne nake hana yara."

"Da ka dawo daga shan iskar, me ka tarar?"

"Besa ya bugu kamar kullum, ya yi tangaɗi ya faɗa kan Fafali, ya fasa mata kofi. Mace da ciki wata takwas. Wannan ne irin abokan da surukina ya tara."

*

Shagon Besa yana bayan tasha. Gameli ya tarar da shi yana goge wani katako da tuni ya yi santsi.

"Na ji kunya, Fo," in ji Besa. "Jan nan na Da Enyonam ba ya sallama, sai dai ka ji ka a ƙasa. Na tashi zan zaga, ƙafa ta ƙi, sai ga ni a kan yarinyar mutane. Da gudu na hau bishiya na saro mata kwakwa don in wanke laifina."

"Kai da Agbeko kun daɗe?"

"Tun muna satar mangwaron mishan. Shekara ashirin kullum da yamma yana nan wurin. Yanzu kam sai dai hon in ya wuce." Ya hure ƙurar katako. "Ni dai ina ganin tsohuwa ce ta rikice. Kada a matsa mata, shekaru ne."

Daga nan Gameli ya wuce gidan Fafali. Tana zaune a baranda, ƙafafu a kan kujera 'yar tsugunno. Mijinta direban babbar mota ne, yana hanyar Wagadugu.

"Baba, ni ko ɗigo ban sha ba," in ji ta. "Sati biyar ina wurin mahaifiyata a Agu, ranar na dawo. Ba wanda ya san zan zo, a makare ma na shiga. Na tsiyaya rawaya, na ja kujera can gefe don warin giya na tayar mini da zuciya. Ina ɗaga kofi sai na ji mutum a kaina."

"In ba kya nan, su wa ke shan rawaya?"

"Fo Agbeko kaɗai. Da Enyonam ja take ɗan kurɓa, ta ce maganin gwiwa ne."

Gameli ya yi mata godiya. A hanya ya tsaya a bakin wata kwata ya daɗe yana kallon ruwa. A daji in ya gane sawu daɗi yake ji. Yau bai ji ba.

*

Laraba da la'asar Gameli ya tara su ƙarƙashin mangwaro: Da Enyonam, Senyo, Besa, Fafali, da Yayra wadda ta ƙi zama, ta tsaya jikin bishiya ta harɗe hannu. Babu tulu a kan tebur. Ya roƙe su kada kowa ya taka wajen kwamin na'a-na'a.

"Giyar da Agbeko ya sha fara ce, ta gidan nan kuwa ja ce," in ji shi. "Ke nan wani ne ya shigo da ita ya zuba a tulun rawaya, yana sane mutum ɗaya ne zai sha. Abin da bai sani ba, Fafali za ta dawo ranar."

Ya taka a hankali ya tsuguna kusa da kujerar da ke gefe.

"Sawu biyu ne kawai a nan. Ga na Fafali, gajere, ƙafa a buɗe, tafiyar mai ciki. Ga na wanda ya fasa mata kofi. Besa, naka ne ko?"

"Nawa ne. Ai kowa ya gani, na bugu."

"Na bi sawun bugaggu da yawa. Mafarauta kan sha kafin su shiga daji. Mai maye takunsa gajere ne, ƙafa na ja, yatsu na kallon gabas da yamma, dunduniya na nutsewa don jiki baya yake rinjaya." Ya ɗora tsinke a ƙasa. "Wannan taku uku ne daga kujerarka zuwa nan. Kowanne ya fi tsawon sandata. A miƙe suke kamar an ja zare, kuma kan yatsu ne kawai ya taɓa ƙasa. Wannan ba tangaɗi ba ne. Gudu ne na mutumin da ya ga za a yi ɓarna, yana so ya riga kofi isa baki."

Can Da Enyonam ta yi magana a hankali, kamar da kanta take.

"Da na zo wanke kofuna, naka rabi na tarar, Besa. Shekara huɗu kana zuwa gidan nan, ban taɓa zubar da ragowarka ba sai ranar. Kuma bugagge ba ya hawa kwakwa."

Besa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"'Yar kwalba ce," in ji shi. "Ni na ce zan ɗauko tulun."

"Me ya yi maka?" Muryar Yayra ce, ba ta ɗaga ta ba. "Kai ne ka riƙe mana ɗanmu na fari ranar baftisma. Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba, shi ne abin. Ba faɗa muka yi ba, balle a shirya mu. Rana ɗaya ya ce ba zai iya zama inda ake sha ba, shi ke nan. Ina rufe shago in zauna ni da kwalba. Ranar Lahadi ina ganinsa a nan, tebur ɗaya, amma shi yana can ni ina nan, yana gaishe ni kamar baƙon coci." Ya murza hular. "Cewa na yi kofi ɗaya ko biyu, ya saki jiki, ya yi dariyar nan tasa, in raka shi gida a ƙafa kamar da. Ina kan bishiyar kwakwa na ji ya tayar da babur."

"Ka tuna da cikin Fafali," in ji Yayra. "Nawa yaran uku da ke gida, ba ka tuna da su ba."



"Kuma jiya ka ce ni ce na rikice," in ji Da Enyonam. "Fo Gameli bai faɗa mini ba, a tasha na ji. Da ka bar ni da shi har kabari."

Senyo ya buɗe baki zai yi wa'azi, Gameli ya dube shi sau ɗaya, ya rufe.

"Tashi mu je," Gameli ya ce da Besa. "Gara ka shiga da ƙafarka."

*

A ofishin jandarma aka fito da Agbeko don ya ji da kunnensa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ba. Da aka ce su jira a kan benci, Besa ya zauna kusa da shi. Agbeko ya tashi ya koma can ƙarshe, ya juya fuska ga taga.

Shari'a ba ta ja lokaci ba. Alƙali ya ce wanda ya zuba da wanda ya hau babur yana sane, kowa da nasa kason. Aka karɓe lasin Agbeko na shekara guda, aka ɗaure Besa wata shida. Mama Abla ta tashi, amma da sanda. Yayra ta kwance kayanta ranar Alhamis. Ta gaya wa mijinta ba ta yafe kofi na biyu da na uku ba, za ta dai tsaya ta ga ko zai iya sake ƙirgawa daga ɗaya. Matan kasuwa suka koma gaida Da Enyonam da fara'a, kamar ba su ne ba.

Ranar ziyara ta farko a gidan yari, mai gadi ya kira sunan Besa har sau biyu kafin ya fito, don bai zaci da shi ake ba. Ya tarar da Gameli a zaune da kwanon tuwon masara da miyar kuɓewa, ɗaure a ƙyalle.

Besa ya ci loma uku, ya tsaya.

"Ya tambaye ni?"

"A'a."

"Wani ya tambaya?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ci. Can ya ɗago. "To kai fa, Fo? Kai ka kawo ni nan. Me ya dawo da kai?"

"Hanya ce ta biyo da ni."

"Hanyar nan ba ta zuwa ko'ina. A nan ta ƙare."

"Ci tuwonka kafin ya huce," in ji Gameli.

Besa ya cinye tuwon kafin mai gadi ya buga ƙarfe. Gameli ya ɗaure kwanonsa, ya tambayi mai gadin wace rana ce ziyara ta gaba.